Daga Ina Kalmomin Nan Suka Fito? Gaskiya da Shaci-faɗi

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp, ya kuma isa majalisun samari na Ƙofar Guga a Katsina, inda ake karanta shi a bakin mai shayi kamar wani sabon ilimi. Cewa yake wai kalmar *news* haruffan farko ne na arewa, gabas, yamma da kudu a Turanci, wai *police* ma kowane harafinta na tsaye ne a madadin wata ɗabi'ar kirki. Ɗalibai masu son tara manyan kalmomi suna haddace wannan, har wasu malaman makaranta na maimaita shi a aji.

Duka biyun ƙirƙira ce. *News* jam'i ne na *new*, wato sababbin abubuwa, kuma Ingilishi na amfani da ita ɗaruruwan shekaru kafin a buga jarida ta farko. *Police* ta bi ta Faransanci ne daga *polis* ta Girkanci, ma'ana birni, tushensu ɗaya da kalmar siyasa ta Turanci. Dabarar harhaɗa haruffan farko su zama kalma ba ta yaɗu ba sai a ƙarni na 20, irin su *radar* ta shekarar 1940. Don haka duk tsohuwar kalmar da aka ce maka haka aka yi ta, ka yi mata kallon tuhuma.

*OK* ce ta kusa karya wannan ƙa'ida. Allen Walker Read na Jami'ar Kolombiya ya bi sawunta har zuwa jaridar Boston Morning Post ta 23 ga Maris, 1839, lokacin da marubutan birnin ke wasa da rubutun ganganci, suka taƙaita *oll korrect*. Yaƙin neman zaɓen Martin Van Buren na 1840 ya ƙara watsa ta. Masu danganta ta da harshen Wolof ba su kawo rubutacciyar shaidar da ta kai wannan ƙarfi ba.

Wadda ta fi shafar mu ita ce *boko*. Shekara da shekaru ana rubutawa, har a manyan jaridun Ingila da Amurka, cewa *book* ce bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Farfesa Paul Newman, wanda ya ƙare rayuwarsa ta aiki a kan nazarin Hausa, ya rushe zancen a 2013. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa ga duk mai jin Hausa. Da a ce aro ce, da wasulanta ba su fito haka ba, kuma muna da *littafi* tun da daɗewa, ba mu da buƙatar aro. Sannan boko tana nan a bakin mutane da ma'anar abin da ba na gaskiya ba: amaryar boko da ake fitarwa a biki a madadin ta ainihi, da biri-boko da ake ce wa yaudara. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo irin waɗannan ma'anoni. Da Turawa suka zo da nasu karatun, iyayenmu da suka san allo da ajami suka raɗa masa sunan raini. A garin nan na Katsina ne kuwa Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kuma sunan bai bar karatun ba ko bayan da ɗalibansa suka riƙe ƙasa.

Daga nan wasu suka juya zancen, suka ce ai *bogus* ta Ingilishi ita ce aka ɗauka daga boko, ta hannun bayin da aka kai Amurka. Zance ne mai daɗin ji, ma'anonin ma sun yi kusa. Amma a rubuce, kalmar ta fara bayyana ne a Amurka a zancen masu buga jabun kuɗi, kuma manyan ƙamusoshi ba su tabbatar da alaƙar ba. Kama da wane ba ta wane.

Abin mamaki, labaran gaskiya sun fi na ƙaryar armashi, ga shi ba a cika tura su ba. *Alcohol* daga *al-kuhl* ta Larabci take, wato kwallin nan da mata ke rangaɗawa. *Algorithm*, da 'yan kwamfuta ke ambata kullum, sunan al-Khwarizmi ne, masanin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga taken littafinsa *algebra* ta fito. Mu ma mun karɓo namu: sisi, sule da kwabo duk sunayen kuɗin Ingila ne, asibiti kuma *hospital* ce.

Yanzu aron ya fara komawa. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da *Kannywood* da *buka*, wadda ya danganta da bukkarmu. A Janairun 2025 aka sanar da ƙara *suya*, duk da cewa abin da Bature da mutumin Legas ke kira haka, Bakatsine tsire yake ce masa.