Maganin Kwantar da Hankali Yana Canza Halin Kifi

Likitoci suna ba masu fama da fargaba ko rashin barci magani don hankalinsu ya kwanta. Maganin yana da amfani ƙwarai. Amma jiki ba ya cinye shi duka. Ragowarsa tana fita cikin fitsari, ta bi magudanar ruwa har ta faɗa kogi. Ko injinan tace ƙazamin ruwa na manyan birane ba sa iya cire ta duka.

To, me ke samun kifin da ke cikin wannan ruwa?

A shekarar 2013, masana a Jami'ar Umea ta ƙasar Swidin sun bayyana abin da suka gano. Sun sami wani maganin fargaba mai suna oxazepam a cikin kogin Fyris. Sun kuma same shi a naman kifin kogin, har ya ninka na cikin ruwan kusan sau 6.

Sai suka gwada maganin a kan irin wannan kifi. A al'adarsa, gungu-gungu yake tafiya don tsoron manyan kifaye. Da ya zauna cikin ruwa mai maganin, sai ya riƙa ware kansa, yana yawo da yawa, yana cin abinci da sauri. Dalili shi ne maganin yana aiki a ƙwaƙwalwar kifi kamar yadda yake yi a ta mutum.

Wannan ba alheri ba ne. Tsoro ne ke tsare ƙaramin kifi. Wanda ya bar gungu, shi babban kifi ke fara haɗiyewa. Kuma idan kifi ya cinye ƙananan ƙwarin ruwa masu cin gansakuka, gansakuka tana iya rufe ruwan.

Matsalar ba ta Swidin kaɗai ba ce. A shekarar 2022, an bayyana sakamakon auna ruwan koguna 258 a ƙasashe 104, inda aka sami ragowar magunguna iri-iri a mafi yawansu.

Saboda haka, jama'a, kada a zubar da ragowar magani a rafi, kududdufi ko kwata. A mayar da shi asibiti ko wurin malamin lafiya. A gina masai nesa da rafi da rijiya. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuwa, ya ci gaba da shan abinsa yadda aka umarce shi.