Mai a Cikin Abinci da Ƙarfin Tsoka

Mutane da yawa a Tudun Wada ta Zariya suna zaton aikin mai a jiki ƙiba ne kaɗai. Wannan kuskure ne, kuma yakan cuci yara da masu aikin ƙarfi.

A cikin tsokar mutum akwai waɗansu ƙananan abubuwa da ba a ganinsu sai da madubin likita, ana ce da su mitokondiriya. Su ne murhun jiki. A cikinsu ake ƙona abinci tare da iskar da mutum ya shaƙa, ƙarfi ya fito. A 1948 da 1949 masana biyu, Kennedy da Lehninger, suka nuna cewa a nan ne ake ƙona mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4. Mai turin kura da manomi, in aiki ya yi tsawo, da wannan makamashi suke tafiya.

Amma mai ba itacen wuta kaɗai ba ne, gama da shi ake gina bangon murhun kansa. Tun 1929 George da Mildred Burr suka gano a Amurka cewa akwai irin man da jiki ba ya iya yi, tilas a ci shi. Ɓerayen da suka hana wa shi sun daina girma, fatarsu ta yi kirci. Ɗaya daga cikin irin wannan shi ne linoliyik, wanda yake cikin man gyaɗa da riɗi da waken suya. Wani iri kuma, watau omega-3, ya fi yawa a kifi mai maiƙo kamar sadin. Man shanu da kitse suna ba da ƙarfi, amma rabonsu a wannan kaɗan ne. Manja ana yabonsa saboda bitamin A.

Abin da ya fi ɓata mai shi ne maimaita suya. Man ƙosai da ya kwana uku a kasko har ya yi baƙi ya riga ya lalace, bai kamata a ba yaro ba.

Mai shi kaɗai ba ya gina tsoka. Sai da wake, ƙwai, nono ko ƙuli-ƙuli, sa'an nan da motsa jiki, domin a 1967 Holloszy ya nuna cewa tsokar da take aiki kullum mitokondiriyarta ƙaruwa suke yi. Uwar da ta yaye yaro ta riƙa zuba cokali ɗaya na man gyaɗa ko dakakkiyar gyaɗa a kununsa.