Ciwon Marar da Ke Hana Ki Zuwa Lakca

'Yar'uwa, in ciwon mara na kwantar da ke duk wata, ba raki ba ne. Wataƙila endometiriyosis ce: nama irin na cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, yana kumbura lokacin al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa.

A hostel, ki cika gora da ruwan ɗumi, ki naɗe da tawul, ki ɗora a mara. Ki sha ibuprofen da zarar ciwon ya soma, bayan cin abinci. Banda mai olsa fa, kuma kar ki haɗa da diclofenac.

Wannan duk sassauci ne kawai. Kar ki jira wai sai aure zai warkar. Ki je wurin likitan mata.