Sa Ido a Kan Ayyukan da Ke Gudana Cikin Na'urorin Sadarwa

Duk wanda ya taɓa aika saƙo ta waya, ko ya ciri kuɗi a na'urar banki, ya dogara, ko ya sani ko bai sani ba, ga waɗansu na'urori da ke jere a ɗakuna masu sanyi, waɗanda ba a kashe su dare da rana. A cikin kowace ɗaya kuwa akwai ƙananan ayyuka masu yawa da ke gudana a ɓoye, kowanne da hidimar da aka ɗora masa, wannan yana karɓar wasiƙu, wancan yana mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, wani kuma yana lissafin hanyar da saƙo zai bi. Mas'alar da ta daɗe tana damun ma'abota wannan fanni ita ce, ɗaya daga cikin ayyukan nan yana iya mutuwa alhali na'urar tana kunne, fitilunta na walƙiya, ba wata alama a zahiri da za ta nuna an yi rashi.

Dabara mafi sauƙi ita ce wadda ake kira ping, wadda wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta a 1983: a aika wa na'ura ɗan gajeren saƙo, in ta amsa a ce tana raye. Amma wannan kamar mutum ne ya yi sallama a ƙofar gida, yaro ya amsa daga zaure. Ya tabbata akwai mutane a gidan, sai dai bai san ko an ɗora tukunya ba. Saboda haka, bayan da aka fito da ƙa'idar SNMP a 1988 domin na'urori su riƙa ba da labarin halin da suke ciki, sai aka ƙara mata wani babi a 1993, wanda ta hanyarsa ake iya tambayar na'ura daga nesa ta kawo jerin dukkan ayyukan da ke gudana a cikinta, da sunan kowanne, da matsayinsa. Manhajojin sa ido irin su Nagios, wadda Ethan Galstad ya fara fitarwa a 1999 da sunan NetSaint, da Zabbix ta ƙasar Latbiya, suna yin irin wannan tambaya bayan kowaɗanne 'yan mintoci, in suka tarar sunan da ake nema ya ɓace daga jerin, ko adadinsa ya zarce kima, sai su tashi mai kula da na'urar ko da tsakar dare ne.

Sai dai a nan ne inda gafala take shigowa, domin samun suna a cikin jeri hujja ce ta wanzuwa kaɗai, ba ta kai ga tabbatar da cewa aikin yana sauke nauyin da ke kansa ba. Abin da ya auku a Amurka ran 14 ga Agusta, 2003, ya isa misali. A ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohio, manhajar da ke buga ƙararrawa in layin wuta ya sami matsala ta daskare jim kaɗan bayan ƙarfe biyu na rana, sakamakon wani kuskure da ke ɓoye a rubutunta, kuma da yake ita ce mai sanar da ɓarna, babu wata da ta sanar da tata ɓarnar. Ma'aikatan kwamfuta sun sake tayar da na'urar da manhajar ke ciki, binciken da take yi wa kanta ya nuna dukkan ayyukan da ake tsammani suna gudana, suka natsu cewa an gyara, ba su tambayi mutanen ɗakin kula ko ƙararrawa ta dawo ba. Ita kuwa tana nan a daskare. A cikin wannan hali manyan layuka suka yi ta taɓa bishiyoyi suna yankewa ɗaya bayan ɗaya, masu aiki suna kallon allunansu cikin kwanciyar hankali, har ma da ma'aikatan kamfanonin wuta na maƙwabta suka bugo waya suna faɗin abin da suke gani, ba a gaskata su nan take ba. Bayan ƙarfe huɗu kaɗan wuta ta ɗauke wa mutum wajen miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada.

Ni a ganina, wanda ya tsaya ga ƙidayar sunaye bai cika sharaɗin amana ba. Gogaggun masu wannan sana'a sukan jarraba hidimar kanta: in aikin na fassara sunaye ne, a ba shi suna a ga ko zai kawo adireshi daidai, kuma cikin daƙiƙa nawa; in na wasiƙu ne, a aika wasiƙar gwaji a jira isarta. Akwai kuma wata hikima wadda take juya lamarin, inda ake wajabta wa aikin ya riƙa aiko da alamar rai a kan ƙayyadadden lokaci, ta yadda shirunsa shi kansa ya zama ƙararrawa. Kuma wannan sharaɗi ya hau kan manhajar sa idon ita ma, shi ya sa akan ajiye wata ƙaramar na'ura a wani gini dabam, a kan layin wuta da na intanet dabam, wadda ba ta da aiki sai sauraron ta farkon.

Wata illa kuma tana zuwa daga ɓangaren yawa, domin idan aka sa ƙararrawa a kan kowane ƙaramin motsi, mai kula yakan gaji har ya daina buɗe saƙonnin. Don haka ake tsara manhajar ta maimaita gwaji sau biyu ko uku kafin ta yanke hukunci, ta kuma bambanta gargaɗin da zai iya jiran safiya da wanda ya cancanci a ta da mutum daga barci.