Ƙatuwar Kumbar Teku Da Manomanta

A tekun Pasifik, wajen gaɓar Ostareliya da tsibiran Filifin, akwai wata irin kumba wadda masana ke kira Tridacna gigas. Dangin 'yar kumbar nan ce ta bakin kogi, amma ita tsawonta yakan kai ƙafa 4, nauyinta ya zarce kilo 200, takan kuma shekara 100 a duniya. Ga shi kuwa ruwan da take zaune ciki garau yake, abincinsa kaɗan ne. To, me take ci har ta yi wannan girma?

Asirin yana cikin namanta. A 1936 wani masani Bature, C. M. Yonge, ya bayyana yadda take kiwon wata irin gansakuka a jikinta, ƙanana ƙwarai, ba su ganuwa sai da madubin likita.

Ba da su ake haihuwarta ba. Uwa takan saki ƙwai miliyoyi cikin ruwa, ba ko ɗaya mai gansakuka. Bayan ƙyanƙyasa 'yar kumba takan yi kamar mako guda tana yawo, tana haɗiye su tare da abinci. Maimakon su narke a tumbinta, sai su bi waɗansu siraran hanyoyi su tare a naman da ke bakin ƙoƙonta, su hayayyafa. Wadda ba ta samu baƙin nan ba, ba ta yin nisan kwana.

Daga nan sai cuɗe ni in cuɗe ka. Da rana kumba ta buɗe, ta shanya namanta ga haske. Gansakuka su yi sukari da hasken rana kamar yadda ganye ke yi, su ciyad da ita. Ita kuwa ta ba su mafaka, dattin jikinta ya zama takinsu. Shi ya sa ba a samunta sai inda ruwa ba zurfi.

Amma zaman nan yana da sharaɗi. In ruwa ya cika zafi, gansakuka sukan rabu da ita, namanta ya yi fari fat, yunwa ta kama ta, kamar yadda aka gani a 1998. Ga kuma masunta da suka yi mata yawa. A 2024 aka sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Yanzu a Palau da Filifin ana renon 'ya'yanta cikin tankuna, kuma masu renon sukan tabbata sun samu gansakukarsu kafin a mai da su teku.