Zawwati: kalmar da yaranmu na Kurmi ba sa ji sai ranar rasuwa

A Sabon Badun, ko Agege, ko Idi-Araba a Ikko, idan aka yi rasuwa za ka ji wani dattijo ya ɗago kai ya ce, "Kai, a je a yanko zawwati." Sau da yawa saurayin da aka aika sai ya tsaya yana kallon bakin tsohon, don bai taɓa jin kalmar ba. Nan aka haife shi, Yarabanci ya fi zama a bakinsa, yadin da ya sani kuwa shadda ne da leshi da atamfa. Shi ya sa na ga ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan kalma.

Zawwati farin yadi ne na auduga, mai laushi, marar nauyi, ba zane ba ado a jikinsa. Yana da 'yan uwa biyu da tsofaffin 'yan koli ke ambata tare da shi. Akwai akoko, wanda ba a wanke shi ya yi fari ba, launinsa ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa, ga kauri ga kaushi. Akwai alawayyo, shi kuma fari ne tas. Zawwati ya fi su daɗin taɓawa. A da mutane na ɗinka taguwa da shi, a yi shafin riga, wani ma ya naɗa a ka. Da yadduka masu ƙyalli suka cika kasuwa sai aka bar masa aiki ɗaya tak, wato likkafani. Yau in ka ce wa mai shago a Kantin Kwari kana son zawwati, kafin ya ɗauko almakashi zai fara yi maka gaisuwa ne.

Na sha jin masu ɗan boko suna cewa ai zawwati shi ne lilin. A'a, ba ɗaya ba ne. Lilin, wanda Larabawa ke kira kattan, ba daga auduga ake samun sa ba. Daga zaren da ke jikin karan wani tsiro ake fitar da shi, a jiƙa karan har ya ruɓe, a buge, a tsefe, sannan a kaɗa. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna da shi suke naɗe gawarwakin manyansu, wasu ƙyallayen na nan a gidajen tarihi har gobe. Fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki ma kan ce lallausan lilin idan ana maganar tufafin firistoci da na masu dukiya. Abin da ya haɗa su da zawwati fari ne da laushi, da kuma aikin suturta mamaci. Ina jin daga nan ruɗanin ya samo asali.

Irin waɗannan fararen yadduka sun daɗe a hannun Bahaushe. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da farin yadin Mancesta a kasuwa, wanda ayarin raƙuma ke ƙetarowa da shi ta Sahara daga Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano sai hanya ta juya, kaya suka koma shigowa ta teku. Daga baya muka fara saƙa namu, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. Yadda masaƙun nan suka durƙushe kuwa kowa ya gani, kuma tun daga nan yadi mai roba daga waje ya mamaye ko'ina.

To, a nan matsalar take. Yaron da bai san zawwati ba, in ya je Balogun ko Gbagi, abin da zai ce kawai shi ne a ba shi farin yadi. Mai shago kuma ba laifinta, ta miƙo abin da ke kusa, galibi mai roba ne, yana sheƙi yana santsi. Masu wankan gawa sun san wahalarsa: ɗauri ba ya kamawa, ƙulli na zamewa, ba ya yaguwa a miƙe da hannu. A cikin ƙasa ma roba ba ta ruɓewa kamar auduga. Ban ce haramun ba ne, wannan maganar malamai ce. Amma abin da ya zo daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, shi ne an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, likkafani da fararen tufafi 3 na auduga, saƙar Yaman. A mazhabar Malikiyya da muke bi an so namiji ya samu ƙyalle 5: riga, rawani, zane da mayafi 2. Mace kuma 7: riga, lulluɓin kai, zane da mayafi 4. In babu hali, ɗaya da zai rufe jiki ya wadatar. Kuɗinsa daga dukiyar mamacin ake cirewa, tun kafin a biya bashi, balle a zo rabon gado.

Gane na auduga ba wuya. Ka damƙe gefen yadin a tafin hannunka ka saki, auduga za ta yamutse, mai roba zai miƙe kamar ba a taɓa shi ba. In kana da shakka, zare ɗan zare ka kusanta shi da ashana. Auduga za ta ci wuta ta bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Roba narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Wurin Bayarabiya kuwa, ka ce mata aṣọ àlà, wato farin ƙyalle, ka ƙara da cewa na auduga zalla kake so.

Shawarata ga kwamitocin masallatanmu da fadar Sarkin Hausawa a kowane gari ita ce a ajiye bandir ɗaya ko biyu a ɗaki, a ba ladan ko wani amintacce mabuɗi. Mutuwa kan zo da daddare, ko ranar Lahadi da manyan kasuwannin Kudu ke rufe, ga baƙi 'yan ci-rani da ba su da kowa a garin. Duk mai mota da ke sauko da kaya daga Kano zai iya saƙalo bandir ɗin a bayan kujera, kuma kada a manta, duk sanda za a yanka a kira matasa biyu su riƙe bakin yadin, a faɗa musu sunansa.