Tsohon Mai a Tsohon Inji: Yaushe Yake Lalacewa?

A garin Dursley na ƙasar Ingila, kamfanin R. A. Lister ya daɗe yana ƙera injinan girke, waɗanda ake kafawa a kan siminti su ja ruwa, su niƙa hatsi, su ba da wuta. Ƙaramin injinsa mai shan fetur, Lister D, an ƙera shi daga 1926 zuwa 1964. Babban mai shan gas, Lister CS, ya fito a wajejen 1930, ba a daina yin sa ba sai 1987, kuma har gobe ana ƙera irinsa a Rajkot ta Indiya. A Ingila da Amurka da Ostareliya, masu sha'awa suna zaƙulo irin waɗannan injina daga tsofaffin gonaki, su gyara, su kai baje-koli. A ƙasar Hausa ma danginsu sun daɗe a ɗakunan niƙa.

Wanda ya samu irin wannan inji yakan tarar da mai kwance a cikinsa, wani lokaci har da galan da ba a fasa ba a gefe. Shin wannan man yana da sauran amfani? Yawan shekarunsa kaɗai ba zai ba da amsa ba. Abin dubawa shi ne abin da ya haɗu da shi a tsawon zamansa: ruwa, iska, zafi da datti.

Man inji kashi biyu ne. Akwai gundarin man da aka tace daga ɗanyen mai, wanda idan yana rufe ruf a wuri mai sanyi ba ya saurin sauyawa. Akwai kuma sinadaran da ake ƙara masa: masu wanke datti, masu hana tsatsa, masu hana kumfa, da mai sinadarin zink da ke hana ƙarfe cin ƙarfe, wanda ya shigo a shekarun 1940. Waɗannan ƙare-ƙaren ne ke fara rauni, wasu ma su kwanta a gindin galan. Shi ya sa kamfanonin mai da dama ke ba da shawarar kada ajiya ta wuce shekara 5 ko da ba a buɗe ba.

Da zarar an buɗe murfi, lissafi ya canza. Iskar oksijin tana cin man a hankali, ya yi kauri, ya fara tsami, kuma zafi na ƙara wa abin gudu. Ƙiyasin masana shi ne duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin lalacewar. Duron man da aka tsayar a waje yana numfashi: da rana iskar cikinsa ta kumbura ta fita, da dare ta sake shiga, ta janyo ruwan saman da ya taru a bakin murfi. Don haka ake kwantar da duro a inuwa, a bisa katako.

Babban haɗarin yana tattare da man da ya yi aiki sannan aka bar shi a cikin inji. Ya riga ya sha baƙin hayaƙi, ya gauraya da fetur ko gas da ya sulale ta gefen fistin, ga ɓurɓushin ƙarfe. Farar wutar da ke cikin gas, idan ta ƙone ta haɗu da ruwa, asid take zama. Ruwan kuwa ba ya yankewa, domin duk daren da ƙarfe ya yi sanyi, raɓa na taruwa a cikin inji ta gangara ƙasa, tunda ta fi mai nauyi. Haka asid zai yi ta cin ƙarfe alhali injin ko motsi bai yi ba.

Ginin tsofaffin injinan ya ƙara wa batun nauyi. Da yawansu ba su da matacin mai irin na motar zamani. Wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin yake tsoma kai cikin mai yana fantsama shi ko'ina. An yi su ne a zamanin man da ba shi da sinadarin wanki, wanda ke barin datti ya kwanta a ƙasa har a zo a kwashe. Idan aka zuba man zamani a kan lakar shekaru, yana iya tayar da ita, cokalin kuma ya watsa ta kan sassan da ke gogayya. Wannan ne ya sa masu adana irin injinan da yawa suka fi son mai mai lamba SAE 30 marar sinadarin wanki, ko kuma su wanke cikin injin tas kafin su canza mai.

Gwajin tsohon mai ba shi da wuya. A zuba kaɗan a kwalba mai haske a ɗaga wa rana. Idan ya yi fari-fari kamar shayi mai madara, ruwa ya shige shi. A ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi. In ya yi ƙara yana tartsatsi, nan ma ruwa ne. Warin tsami ko na fetur, gudaji, da laka a gindi, duk alamun an gama da shi ne. Tsohon man da ke rufe, ya fito garau, zai iya yi wa inji mai tafiyar hawainiya irin Lister CS, wanda ke juyi 650 a minti ɗaya, amma kada a kusanta shi da motar zamani.

Man da aka tarar a cikin inji kuwa, a juye shi kafin a taɓa hannun tayarwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a zubar da shi a ƙasa ko a magudana, domin yana gurɓata rijiyoyi, kada kuma a shafa wa jiki ko dabba, domin yawan taɓa fata da shi na iya jawo ciwon daji. A tara shi a jarka a kai wa masu sake sarrafawa.

Inji da za a ajiye na dogon lokaci, a juye masa mai tun yana da ɗumi, a zuba sabo, a riƙa juya shi da hannu lokaci zuwa lokaci. Galan ɗin mai ana samun sa a kowace kasuwa. Sassan injin da aka daina ƙerawa tun 1964 kuwa, in suka cinye, sai an yi doguwar cigiya.